Marubutan soyayya, ina tukunyar tuwo?

A 1989 marubuciyar Meziko, Laura Esquivel, ta fitar da littafinta Como agua para chocolate, labarin Tita da aka hana ta masoyinta aka aura masa yayarta. Tana haɗa kek ɗin bikin hawayenta ya zuba ciki. Duk wanda ya ci sai ya ɓarke da kuka.

Matan Mahuta ba za su yi mamaki ba. A ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi abinci magana yake yi. Maigida ya ture kwano ranar girkin uwargida, har yara sun san an ɓata. Gishiri ya zarce a miyar kuka makon da amarya ta tare, ba mantuwa ba ce. Uwar da kunya ta hana kiran sunan 'yar farinta, ita ke dama mata kunun kanwa in ta haihu.

Amma a yawancin littattafan soyayyar da ake karantawa a waya, abinci ado ne kawai: shawarma da firij cike da lemo, don a san Alhaji na da kuɗi. Jaruma na kwana kuka a kan filo, ba a barin hawayen ya ɗiga cikin talge.