Tsakanin Takardar Likita da Bakin Majinyaci: Matsayin Harshe a Kurakuran Ba da Magani

A tagar ba da magani ta kowane babban asibiti a ƙasar Hausa akwai wata gajeriyar zantawa da ake maimaitawa ba adadi a kowace rana. Majinyaci ko mai jinya ya miƙa takardar da likita ya rubuta, ma'aikaci ya duba, ya ƙirga ƙwayoyi a 'yar leda, ya ja layuka uku da biro a bayanta, sannan ya ce: "Ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare." Mai karɓa ya yi godiya ya matsa gefe, domin akwai dogon layi a bayansa. Duk ilimin da likita ya yi amfani da shi, da gwaje-gwajen da aka yi, da kuɗin da iyali suka tattara, sun rataya ne a kan wannan zantawa da ba ta cika minti guda ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wani kaso na kurakuran da ke aukuwa a wannan taga kurakurai ne na harshe, saboda haka manazarta Hausa suna da haƙƙin da ya rataya a wuyansu wajen rage su.

Girman Matsalar

A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangami na musamman a kan illar da kurakuran magani ke jawowa, da burin rage mummunar illar da za a iya kauce mata da rabi a cikin shekara 5. Hukumar ta ƙiyasta cewa irin waɗannan kurakurai suna jawo wa duniya asarar dala biliyan 42 a kowace shekara. A Nijeriya kuwa, abin da jama'a suka fi tunawa shi ne bala'in gurɓataccen magani. A 1990 yara fiye da 100 suka rasu bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai lalata ƙoda, kuma a 1993 aka kafa hukumar NAFDAC. Tsakanin 2008 da 2009 irin wannan sinadari ya sake hallaka yara 84 ta hanyar maganin fitar haƙori mai suna My Pikin.

Waɗannan masifu sun yi amo domin sun faɗa wa mutane da yawa a lokaci guda. Kuskuren taga ya sha bamban da su. Maganin na iya zama mai inganci, da lambar rajista a jikinsa, amma a miƙa shi ga wanda ba shi aka rubuta wa ba, ko a ba da mai ƙarfin da ya wuce wanda aka rubuta, ko a sha shi ta hanyar da ba ita aka nufa ba. Mutum ɗaya yake samu, a cikin ɗakinsa, kuma idan jiki ya rikice sai a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Ba kasafai ake komawa a binciki ledar maganin ba.

Tafiyar Saƙo a Harsuna Uku

Umarnin shan magani yana ratsa harsuna uku kafin ya isa ga mai shi. Likita yana rubuta yawan sha da taƙaitattun kalmomin Latin, irin su b.d. don sau biyu, da t.d.s. don sau uku, da q.d.s. don sau huɗu. Sunan maganin da bayanan kwalinsa suna cikin Ingilishi, ko Faransanci a Jamhuriyar Nijar. A ƙarshe sai ma'aikacin taga ya fassara duka da baki zuwa Hausa, nan take, ba tare da wata daidaitacciyar fassara da aka koya masa ba.

Haɗarin matakai biyu na farko sananne ne ga masana harhaɗa magunguna. Harafin U da ake taƙaita ma'aunin insulin da shi yana iya kama da sifili a rubutun hannu, sai 4U ta koma 40. Idan ɗigon da ke cikin 1.0 bai fito ba, sai a karanta 10. Wannan ne ya sa hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka ta hana amfani da wasu taƙaitattun alamomi tun 2004. Akwai kuma sunaye masu kama da juna a ido da kunne. Chlorpropamide yana rage sukarin jini, shi kuwa chlorpromazine na masu taɓin hankali ne. Carbimazole na cutar da ta shafi halittar maƙogwaro ne, carbamazepine kuma na farfaɗiya. Methotrexate, wanda masu wani nau'in ciwon gaɓoɓi ke sha sau ɗaya a mako, ya yi sanadin mutuwar mutane a ƙasashe daban-daban saboda an sha shi kullum. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan waɗannan, an kuma samar da dabaru, kamar rubuta sashen sunan da ya bambanta da manyan baƙaƙe. Mataki na uku, wato na Hausa, shi ne wanda aka bari a hannun sa'a.

Inda Hausar Taga Ke Tuntuɓe

Misali na farko shi ne kalmar "rana". Bahaushe yana da "yini" don lokacin haske, yana da "kwana" don cikar dare da yini, ita kuwa "rana" tana ɗaukar ma'anonin biyu, har da na uku, wato tsakar yini. Idan aka ce "sau uku a rana" game da maganin kashe ƙwayoyin cuta, abin da ake so shi ne a raba shan a tsawon awa 24, kusan kowace awa 8, domin ƙarfinsa ya ɗore a cikin jini. Wanda ya sha da ƙarfe 8 na safe, da 2 na rana, da 8 na dare, ya bi abin da aka faɗa masa, amma ya bar tazarar awa 12 cikin dare. A watan azumi lamarin yana ƙara rikicewa, domin wani yakan tara shan uku tsakanin buɗa-baki da sahur ba tare da ya nemi a sauya masa tsari ba. Haka nan maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa a yau, haɗin artemether da lumefantrine, ana shan sa sau 6 a kwana 3, sha na biyu awa 8 bayan na farko, tare da madara ko abinci mai maiƙo, kuma yawan ƙwayoyin yaro ya danganta da nauyinsa. Layuka biyu a bayan kwali ba za su iya ɗaukar wannan bayani ba.

Na biyu shi ne "cokali". A ma'aunin magani cokalin shayi mililita 5 ne, babban cokali kuma 15. Uwar da aka ce ta ba jaririnta "cokali ɗaya", ta je gida ta ɗauki na cin shinkafa, tana iya ninka abin da aka rubuta har sau uku, alhali ba ta saɓa wa kalma ko ɗaya ba. Na uku shi ne aikatau "sha", wanda ya mamaye duk wata ma'amala da magani a bakin jama'a, ga shi kuwa akwai na matsi, da na ɗigawa a ido ko kunne, da na taunawa, da na narkarwa a ruwa, da garin da ake zuba wa tafasasshen ruwan da ya huce har zuwa wata alama a jikin kwalba.

Na huɗu shi ne kiran magani da launinsa. Tun da sunayen ba su zauna a harshen Bahaushe ba, sai ya laƙaba musu nasa, kamar "ja da yalo" ko "'yar farar nan". Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Kamfanoni daban-daban suna fitar da magunguna mabambanta a kafso mai launi ɗaya, kuma magani ɗaya yana zuwa da ƙarfi iri-iri, kamar amlodipine na hawan jini da ke zuwa a miligiram 5 da kuma 10. Babba bai kamata ya wuce giram 4 na farasitamol a kwana ɗaya ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, amma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Wanda bai san suna ba yana iya haɗa biyun ya cutar da hantarsa. Al'adar "haɗi" a wasu kemis, inda ake ɓare ƙwayoyi iri huɗu ko biyar a ƙulle a leda gwargwadon kuɗin mai saye, tana shafe suna da ranar ƙarewar wa'adi gaba ɗaya.

Akwai kuma ɓangaren zamantakewa. Kalmar "likita" ta game duk mai farar riga, kamar yadda "kemis" ta game kantin da ƙwararren mai harhaɗa magunguna ke kula da shi da kuma ƙaramin shagon unguwa, duk da cewa hukumar da ke kula da sana'ar harhaɗa magunguna a Nijeriya lasisi daban take ba kowannensu, kuma an taƙaita wa ƙaramin shago magungunan da zai sayar. Kunya da girmama mai ilimi suna sa majinyaci ya amsa da "to" ko da bai fahimta ba. Sau da yawa ma ba shi ne a tagar ba. Miji ne, ko ƙane, ko yaron da aka aika, wanda zai isar da saƙon da baki bayan ya ratsa kasuwa.

Dubawa Kafin Barin Taga

Majinyaci shi ne shinge na ƙarshe, kuma abin da ake buƙata daga gare shi bai fi ƙarfinsa ba. Ya tabbata sunansa ne a kan takardar da ledar. Ya nemi a faɗa masa sunan kowane magani da ciwon da aka ba da shi dominsa. Ya tambayi yawan da zai sha, da ƙarfe nawa, da kwana nawa. Ya bayyana duk wani magani da yake sha, har da na gargajiya, da wanda ya taɓa yi masa borin jini, mace kuma ta faɗa idan tana da juna biyu ko tana shayarwa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC, ya kankare lambar tantancewa ya tura ta waya idan akwai ta. Mai ciwon da ke karɓar magani duk wata, idan ya ga launi ko girman ƙwayar ya sauya, ya tambaya kafin ya sha. Ma'aikacin taga kuma ya nemi mai karɓa ya maimaita masa bayanin da bakinsa, domin ta haka ne ake gane inda saƙo ya karkace. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tambayar majinyaci kariya ce gare shi da kuma ma'aikacin da gajiya ka iya sa shi kuskure.

Abin da Za a Iya Cewa

Wani zai ce ainihin matsalar ita ce ƙarancin ƙwararru da cunkoso da talauci da jabun magunguna, kuma batun kalmomi ƙaramin abu ne a gabansu. Waɗannan matsaloli gaskiya ne, kuma babu ƙamus da zai cike gurbin ma'aikacin da ba a ɗauka ba. Sai dai cunkoson shi ne babbar hujjar daidaita harshe. Ma'aikacin da ke da daƙiƙa talatin ga kowane mutum ya fi kowa buƙatar jimla da aka riga aka auna, wadda ba ta ɗaukar ma'ana biyu. Wani kuma zai ce ɗora wa majinyaci nauyin dubawa sauke nauyi ne daga kan ƙwararru. Alhakin ba da magani daidai yana nan a wuyan mai bayarwa, dubawar majinyaci ƙari ce a kansa. Game da waɗanda ba su iya karatun boko ba kuwa, da yawa daga cikinsu suna karanta ajami, kuma hoto da saƙon murya ta waya suna isa inda rubutu bai isa ba.

Aikin da Ke Jiran Manazarta Hausa

Ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ba baƙon aiki ba ne a wannan fage. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya nuna cewa masana za su iya zama su amince da kalmomi, kalmomin kuma su kama. Abin da tagar magani ke buƙata bai kai wannan yawa ba: jimloli ƙalilan da suka shafi lokaci da ma'auni da hanyar amfani da gargaɗi. Jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo duk suna koyar da Hausa, suna kuma da tsangayar nazarin harhaɗa magunguna, don haka masu aikin suna cikin jami'o'i ɗaya.

Matakin farko shi ne nazarin fage: a saurari abin da ake faɗa a taga, bisa izini da kare sirrin majinyata, a kuma tambayi masu karɓa abin da suka fahimta. Daga nan a tsara jimloli a gwada su a Kano da Sakkwato da Katsina da Zazzau da Maraɗi da Damagaram, domin kalmar da ta fito sarai a wani kari tana iya rikitarwa a wani. Ana iya gwada jingina lokutan sha da abin da jama'a suka riga suka saba da shi. "Bayan sallar asuba, da bayan azahar, da lokacin kwanciya barci" ya fi kusa da tazarar awa 8 fiye da "safe, rana, dare", idan aka haɗa shi da lambobin agogo domin masu jin Hausa da ba sa lissafi da lokutan salla. Kowace jimla kuma sai masu harhaɗa magunguna sun tabbatar da ingancinta kafin a buga ta a boko da ajami a kan ledar magani.

Kammalawa

Ɗalibai da dama suna neman batun bincike a fannonin ilimin ma'ana da fassara da walwalar harshe a kowace shekara, ga kuma fage a buɗe a ƙofar kowane asibiti. Binciken da ya gano yadda iyaye mata ke fahimtar "cokali ɗaya", ya kuma samar da jimlar da ta fi ta tsaro, zai ƙara wa ilimin harshe wani abu, zai kuma kare yaran da iyayensu ba za su taɓa karanta mujallar jami'a ba. Sassan Hausa ne ya kamata su fara ƙwanƙwasa ƙofar tsangayoyin harhaɗa magunguna, domin su ne suka san yawan ma'anonin da kalmar "rana" take ɗauke da su.