Daga Bakin Allo: In Jirgi Ya Tsaya a Duwala, Tukunyar Maruwa Ta Ji

Zancenmu na wannan wata daga cikin aji ya samo asali. Muna cikin darasin labarin ƙasa ne, mun zana gaɓar tekun Kamaru a kan allo, muna nuna wa yara Duwala da Kiribi da Limbe, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu ina ruwanmu da jiragen ruwa, mu da Mayo Kaliyawo ma yashi ne yawancin shekara?" Aji ya fashe da dariya. Mu kuwa muka ce masa in ya koma gida ya duba buhun shinkafar da ke ɗakin mahaifiyarsa, ya karanto mana sunan ƙasar da ke rubuce a jiki. Kashegari ya dawo ya ce Indiya ya gani.

To jama'a, amsar ke nan. Yawancin shinkafar da muke ci, da alkamar burodi, da takin zamani, da maganin asibiti, da kayan gyaran mota, jirgin ruwa ne ke sauke su a Duwala. Daga nan jirgin ƙasa ya kai su Gaundare, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, sa'an nan manyan motoci su ɗauko zuwa Garwa da Maruwa da Kusuri har Injamena. Audugar da manomanmu ke sayar wa SODECOTON ita ma ta wannan hanya take fita. Saboda haka duk ranar da aka ce an tsare jirgi a bakin teku saboda annoba, ko da yake tsakaninmu da wurin ya fi kilomita dubu, ba a jimawa sai labari ya iso cikin tukunyarmu.

Dattawanmu na Garwa sun san wannan tun kafin a haife mu, domin garin nasu tashar jiragen ruwa ne. A da, in damina ta yi nisa Binuwai ta cika, wajen watan Agusta zuwa Oktoba, jirage kan taso daga Burutu a bakin teku, su biyo ta Lokoja da Yola su iso Garwa da gishiri da siminti da kananzir da yadi, su koma da auduga da gyaɗa. 'Yan makonni ne kurum a shekara, wanda ya rasa su kuwa ya rasa cinikin shekara. Zuwan layin dogo da kwalta, da madatsar ruwa ta Lagdo da aka gama a 1982, da yashi da ya cike kogin, su suka kwantar da wannan harka. Amma dattijon da ya taɓa yin dako a wannan tasha ya san zafin a ce jirgi ya dakata kwana goma alhali ruwa na janyewa.

Shi wannan tsare jirgi tsohon abu ne. A 1377 hukumar birnin Ragusa, wanda yanzu ake kira Dubrovnik, ta kafa doka cewa duk wanda ya fito daga ƙasar da ake annoba sai ya yi kwana talatin a keɓe kafin ya shiga gari. Daga baya biranen Italiya suka mai da shi kwana arba'in, kuma daga kalmar arba'in ta harshensu ne Faransanci da Ingilishi suka samo sunan killacewa. Mu ma ai mun san arba'in, tun da mai jego ba ta komawa harkokinta sai ta cika ta. Tun kafin wannan kuma, Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke can. Ya yi shawara da Sahabbai, Abdurrahman ɗan Aufu ya sanar da shi abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na hana shiga ƙasar da ake annoba da hana fita daga cikinta, sai ya juya da jama'arsa Madina. Wanda duk ya ce mana killacewa dabarar Nasara ce, sai mu ce ya koma ya tambayi malaminsa.

Bari mu kawo labari biyu da muka saba ba ɗalibanmu. A watan Mayu na 1720 wani jirgi mai suna Grand-Saint-Antoine ya iso birnin Marsai na Faransa daga gabas, cike da siliki da yadin auduga. Mutane sun mutu a cikinsa tun a hanya. Amma kayan na manyan attajiran gari ne, har da wani babba a majalisar birnin, ga kuma babbar kasuwar shekara ta Beaucaire tana matsowa. Aka sassauta doka, kaya suka shiga gari, annoba ta biyo su. Kusan rabin mutanen birnin suka halaka, a lardin baki ɗaya kuwa an yi asarar rayuka wajen 100,000. Garin neman gira aka rasa ido.

Na biyu, a watan Nuwamba na 1918, lokacin babbar murar nan da ta game duniya, jirgin Talune ya isa garin Apia na Samowa ta Yamma da marasa lafiya a ciki, aka bar fasinjoji suka sauka. Cikin 'yan makonni mutum wajen 8,500 suka mutu, wato kimanin ɗaya cikin kowane biyar na mutanen ƙasar. Maƙwabtansu na Samowar Amurka kuwa, gwamnansu John Poyer ya tsare tasharsa sosai, ko mutum ɗaya murar ba ta kashe ba. Ita wannan mura ai ta jirgin ruwa ta shigo ƙasashenmu ma: ta sauka Firitawun a watan Agusta na 1918, ta sauka Ikko a watan Satumba, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake zuwa arewa.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan cewa ko yaushe rufe ƙofa ruf shi ne daidai. Mun ga ɗaya gefen da idonmu. Ran 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi, Patrick Sawyer, ya sauka Ikko daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Likita Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma cutar ta kama ta, ta rasu. Ran 18 ga Agusta gwamnatin Kamaru, ta bakin ministan watsa labarai na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ta ba da sanarwar rufe iyakarta da Nijeriya ta ƙasa da ta ruwa da ta sama. A Nijeriya cutar ta kama mutum 20, ta kashe 8, a Ikko da Fatakwal, kuma ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta rabu da ita. Mun gode Allah ba ta shigo Kamaru ba. Amma mu nan arewa, da rikicin Boko Haram ya riga ya lalata mana hanyar Banki da ta Gambaru, mun ji a jikinmu. Man zuwa-zuwa ya yi tsada, kuɗin hawa babur ya tashi, masu kai kaya kasuwannin Mubi da Yola suka zauna gida, alhali tsakanin Yola da Ikko tafiya ce mai nisan gaske.

Ƙasashen da annobar ta fi yi wa ɓarna, wato Gini da Laberiya da Saliyo, inda ta kashe fiye da mutum 11,000, su nasu ya fi muni. Kamfanonin jiragen sama da wasu na ruwa suka ƙaurace musu, abinci ya yi tsada, likitoci da kayan aiki suka rasa hanyar shiga. Har sai da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2177 a watan Satumba na 2014, yana kira a ɗage wannan ƙawanya. Ga kuma abin da kowane ɗan kan iyaka ya sani: in an rufe babbar hanya, ba a rufe daji ba. Mai larura zai bi ta gona da dare a kan babur, inda babu mai auna zafin jikinsa, babu mai rubuta sunansa.

Saboda irin wannan ne ƙasashen duniya, har da tamu, suka amince da Dokokin Lafiya na Duniya na 2005, waɗanda suka fara aiki a 2007. Tsarin kuwa mai sauƙin ganewa ne. Kafin jirgi ya shiga tasha, kyaftin zai cika takarda ya faɗi inda ya fito da tashoshin da ya tsaya, ya faɗi ko akwai wanda ya yi ciwo ko ya mutu a hanya. Zai iya ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa, wadda a da alamar cuta ce, amma a yau ma'anarta jirgina lafiya lau, ina neman izinin shiga. Ma'aikatan lafiya na tasha, wato duba-garin teku, za su iya hawa su bincika, su fitar da marar lafiya, su sa a yi feshi. Amma dokar ba ta yarda a hana jirgi sauke kaya ko ɗaukar ruwa da abinci da mai haka kawai saboda tsoro ba. Yawan kwanakin killacewa kuma ilmi ne ke yanke shi, gwargwadon kwanakin da cuta kan yi a jiki kafin ta bayyana: Ebola kwana 21, zazzaɓin shawara kwana 6, kwalara ba ta wuce kwana 5. Jirgin da ya yi wata guda a teku daga Asiya babu wanda ya yi ko ciwon kai, ya riga ya cika kwanakinsa a hanya. Wanda ya taso daga tashar maƙwabta jiya kuwa, shi ke bukatar a sa masa ido.

Da korona ta zo, an ga alamar an koyi darasi. An sami mutum na farko mai cutar a Yawunde ran 6 ga Maris 2020. Ran 17 ga wata Firayim Minista Joseph Dion Ngute ya karanto matakai goma sha uku, aka rufe iyakoki da makarantu daga kashegari, mu ma muka ajiye alli. Amma an ware jiragen da ke ɗauke da abinci da kayan masarufi, aka ce su shigo, a taƙaita zamansu a kuma sa musu ido, kuma ba a yanke hanyar kayan Cadi da Afirka ta Tsakiya ba, tun da su ba su da teku. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen hana kasuwa bushewa. Waɗanda suka biya kuɗin kuwa su ne ma'aikatan jiragen, domin a tashoshin duniya da yawa an karɓi kaya an hana mutum sauka. A watan Satumba na 2020 hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce wajen mutum 400,000 ne suka maƙale a cikin jirage, wa'adin aikinsu ya ƙare, wasu sun haura shekara ba su ga iyalinsu ba. Mun ci shinkafar da suka kawo, kaɗan ne daga cikinmu suka san halin da suke ciki.

To, me ya sa muka ɗauko wannan dogon zance a shafin Hausa? Domin mu Hausawan ƙasar nan mu ne mutanen hanya. Fatake da dillalai da direbobi da mahauta da masu kai albasa kudu, akwai namu da yawa a cikinsu. Babu gidan da ba shi da dangi a Yola ko Mubi ko Kano. In an rufe iyaka mu ne farkon shan wahala, in kuma cuta ta tsallako ta ɓarauniyar hanya, mu ne farkon waɗanda za a nuna da yatsa, tun da ba mu da yawa kuma ana ganin ƙafarmu ɗaya tana waje. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Direba ɗaya da ya ɓoye yaron motarsa mai amai da gudawa a bayan buhuna don kada a tsare masa kaya, ya isa ya jawo wa unguwa guda baƙin jini na shekaru. Mu da muka ga kwalarar 2010, wadda ta kama fiye da mutum 10,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a wannan yanki namu, bai kamata a sake yi mana bayani ba.

Don haka ga roƙonmu ga 'yan'uwa. Katin rigakafi a je asibiti a karɓi allura a samo na gaskiya, a bar sayen takarda a tasha, domin hatimi ba ya hana cuta. In wani ya kamu da ciwo a hanya, a faɗa wa ma'aikatan lafiya tun a shingen farko. Kada a miƙa goro don a tsallake bincike. Sarakunan Hausawa da shugabannin tasha da na kasuwa kuma su kafa asusu tun ana zaune lafiya, don a tallafi ɗan'uwan da aka tsare wa mota mako biyu, saboda tsoron karyewar jari ne ke sa mutum yin ƙarya. Limamai su ma su taimaka da tunatarwa ran Juma'a.

Ga hukuma kuma, roƙonmu shi ne in za a rufe hanya a faɗi dalili a faɗi wa'adi, a cikin Fulatanci da Hausa da sauran harsunan da talaka ke ji, ba Faransanci kaɗai ba. A bar ƙofa ɗaya buɗe da likita a bakinta, da ruwa da sabulu da wurin kwantar da marar lafiya. A kuma sa ido kada dokar lafiya ta zama sabon shingen karɓar na goro, domin ran da talaka ya gane haka, ya daina yarda da ita ke nan, ko da ranar gaskiya ce.

Shi kuwa yaron nan namu, mun ba shi aikin gida: ya zana hanyar da buhun shinkafar nan ya biyo tun daga Indiya har ƙofar gidansu, ya sa ɗigo a duk inda yake ganin cuta za ta iya hawa. Ya kawo takarda da ɗigo goma sha ɗaya, na ƙarshe a kan hannun mai girki. Mun ba shi maki cikakke.

Allah Ya kare mu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.