Dajin Doma ba ya jiran a saki kuɗin kasafi

Duk wanda ya bi hanyar Lafiya zuwa Doma a watan Disamba zai ga hayaƙi na tashi daga ciyawar da ta bushe, wani na mafarauta, wani na masu sharar gona. Abin da ke raba wannan wuta da gandun dajin gwamnati na Doma bai wuce wani siririn fili da ake sharewa da adda da fartanya a kewayen dajin ba. Aiki ne na leburori, kuma tilas a gama shi a watan Nuwamba, kafin iskar hunturu ta kankama. Idan kuɗinsa suka fito a watan Fabrairu, to toka za a je a share.

Haka lamarin yake a lambun renon itatuwa. Ana cika leda da ƙasa da taki tun da rani, a shuka irin maɗaci ko ɗorawa ko malaina, a yi ta ban ruwa safe da yamma a ƙarƙashin rumfa har damina ta zauna a watan Yuni ko Yuli. Injin ruwa ya tsaya na mako guda a zafin Maris, ko shinge ya faɗi awaki su shiga, dashen shekara ya tafi ke nan. Kuɗin gyaran sau da yawa bai kai na shayin taron bita guda a Abuja ba.

Alƙawari dai ba a rasa shi ba. A 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya shaida wa taron Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Najeriya za ta dasa itatuwa miliyan 25. A 2020 ya amince a mayar da wasu dazuzzuka goma wuraren shaƙatawa na ƙasa, ciki har da Marhai a Jihar Nasarawa. Ga kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, da ya haɗa jihohin Arewa 19 da Abuja. Sai dai tsarin kasafi ya fi son sabon abu. Dashe yana shiga layin manyan ayyuka, yana da ɗan kwangila, da rana, da mai ɗaukar hoto. Facin rumfa, da man babur ɗin malamin daji, da sake kafa dutsen iyaka da aka tumɓuke, duk suna cikin kuɗin yau da kullum, waɗanda su ake fara yankewa idan aljihun gwamnati ya yi sanyi.

Wani zai ce gandun daji na jiha ne, me ya haɗa shi da ma'aikacin tarayya? Madatsar ruwan Doma tana hannun Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Ƙasa-ƙasa, wadda ta tarayya ce. Idan masu gawayi suka gama da kirya, masu katako suka kwashe maɗobiya, ƙasar da ruwan sama zai zaizaye daga tuddan yankin a ƙoramu da madatsai take tarewa, kuma yashe madatsa ya fi biyan leburan lambu tsada nesa ba kusa ba.

A Afrilun 2022 an sa hannu kan Dokar Shugaban Ƙasa ta 11, wadda ta wajabta wa ma'aikatun tarayya kula da gine-ginensu. Ya kamata a faɗaɗa wannan tunani zuwa dukiya mai rai. Jami'in da ke rubuta takardar neman amincewa da sabon dashe, ko hadimin da zai ajiye ta a teburin maigidansa, zai iya dagewa a kan sharaɗi ɗaya: a ware kuɗin kulawa na shekara uku a cikin takardar, a rubuta watan da za a saki kowane kashi, na sharar wuta kafin Nuwamba, na ban ruwa kafin Fabrairu.