IDAN SANKARAR MAMA TA DAWO, MENE NE WAJIBINMU?

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a Kalmalo da sauran garuruwan Illela. Idan aka yi wa mace aikin sankarar mama, bayan shekaru ciwon ya dawo ya kama ƙashi ko hanta ko huhu, sai a ce asiri ne, a nufi wurin boka, ko kuwa a naɗe hannu da sunan tawakkali. Na farko hanyar shirka ce, na biyu jahilci ne, domin neman magani ba ya warware tawakkali.

Ya kamata mu sani cewa sankarar mama iri-iri ce. Wata sinadarin jikin mace ke ciyar da ita, ana tare ta da ƙwayoyi irin su tamoxifen. Wata kuma, kimanin ɗaya cikin biyar, tana ɗauke da wani sinadari mai suna HER2 da ke hanzarta yaɗuwarta. Ita ce aka yi wa maganin trastuzumab, wanda Amurka ta amince da shi a 1998, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin muhimman magunguna a 2015. Yana bin ƙwayar cutar ne kai tsaye; galibi ana ba da shi ta ƙarin ruwa duk mako 3, likita yana lura da zuciya. Ciwon da ya riga ya bazu da wuya ya warke ɗungurungum, amma da iznin Allah maganin yana rage raɗaɗi, yana danne cutar tsawon lokaci.

Sai dai fa ba ya amfanar wadda ba ta da HER2. Saboda haka kada a sayar da gona, kada a tsallaka Birnin Ƙonni neman magani, sai an je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato an yanki ɗan nama an auna.

Maganin yana da tsada ƙwarai, ya fi ƙarfin talaka. To, miji ya ji tsoron Allah, kada ya mayar da matarsa gidansu don ta kwanta ciwo. Mawadata su tuna da irin waɗannan bayin Allah wajen zakka da sadaka. Kowane masallacin Juma'a ya buɗe asusun jinya, ko da na kuɗin mota da awo ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalamu alaikum.