Wayar da ba ta aiki a bayan Magama, me za ta yi wa direban babbar mota?

A azumin bara na kai wa kawuna tsarabar waya. Direban babbar mota ne, ya fi shekara ashirin yana jan kaya daga kasuwar Dawanau ta Kano zuwa Katsina da Jibiya, ya tsallaka ta Magama ya shiga Ɗan Isa da Maraɗi. Na zauna ina ta zuba masa bayani irin wanda muka saba yi wa juna: kyamara mai ƙarfi kaza, ma'adana gig kaza, fuska mai santsi kamar madubi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, kwana nawa take yi ba caji? Layi nawa take ci? In na wuce Magama na saki kwalta, tana kama sabis?" Biyun farko na amsa. Ta ukun sai na hau sosa ƙeya, don babu inda aka rubuta amsarta a jikin kwalin.

Tun ranar nake ganin mu matasa masu bin labarin wayoyi da manhajoji mun ɗauko ma'auni daga inda bai dace ba. Muna gwada waya a cikin gari, kusa da soket, ƙarƙashin turken sabis. Mutumin da ya fi mu buƙatarta kuwa yana can inda babu ko ɗaya cikin ukun.

Idan aka ce kai kaya tsibiri, hankali yakan tafi Tafkin Chadi, inda mota ke tsayawa a Doron Baga kwalekwale ya karɓi kaya, ko gungunan Kainji ta wajen Yawuri. Amma direban Jibiya ma tsibirai yake kai wa kaya, sai dai nasa babu ruwa. Ƙauye ne da ke nesa da titi, wanda da damina rafi ke raba shi da duniya, da rani yashi ya riƙe taya, a kowane lokaci kuma tsoron 'yan bindiga ya sa motar haya ta daina shiga. Gishiri da sukari da taki da siminti da maganin zazzaɓi ba sa zuwa can da ƙafarsu. Wani ne ke ɗaukar ransa a hannu ya kai, ya juyo da wake ko aya ko albasa ko dabbobi. In ya makara kwana uku, farashin kwanon gishiri ne zai fara ba da labari.

Aikin nan, duk wanda ya zauna da direbobi ya sani, rabinsa tuƙi ne, rabinsa jira. Jiran lodi, jiran ɗan kamasho, jiran takardun kwastan a wannan gefe da na duwan a wancan gefe, jiran 'yan dako, jiran bakanike in mota ta ƙi. A duk wannan jiran, waya ce ofishinsa. Da ita mai kaya ke sanin inda aka kwana, da ita ake turo kuɗin gas, da ita ake aika hoton ƙarfen da ya karye don a nemo irinsa a Katsina ko Ƙofar Ruwa, da ita kuma direban da ya riga shi wucewa ke turo murya a WhatsApp cewa kada a bi hanya kaza yau. Wannan saƙon na ƙarshe ya fi kowace manhaja da ke cikin wayar daraja.

To dubi sau nawa aka rufe masa wannan ofishi cikin 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Da aka buɗe huɗu a Disambar 2020, wato Seme da Illela da Maigatari da Mfun, babu Jibiya a ciki. Sai a Afrilun 2022 ta samu. Ana cikin haka, a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har da Jibiya, aka kuma hana sana'ar cajin waya a yankuna da dama. Farkon 2023 sai ga canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, aka ce kowa ya koma transfa. Kafin a farfaɗo, sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, iyaka ta sake rufuwa har zuwa Maris na 2024. Motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu.

Katse layin nan na 2021 shi ya fi tsaya mini a rai, kuma ba zan yi kamar ban san dalilinsa ba. Masu kai wa 'yan bindiga rahoto da waya suke yi, kuɗin fansa da waya ake cinikinsa. Wanda aka taɓa ɗauke wa ɗan'uwa ba zai ga laifin duk matakin da aka ce zai kawo sauƙi ba. Amma mu yi lissafi da gaskiya. Ba a daɗe ba rahotanni suka fara fitowa cewa mutanen dajin sun koma amfani da oba-oba da layukan Nijar. Mai bindiga yana da kuɗin neman wata hanya. Wanda ya rasa komai shi ne direban da motarsa ta mutu da la'asar tsakanin ƙauyuka biyu, ba shi da yadda zai kira bakanike, balle jami'an tsaro, da matarsa da za ta kwana uku ba ta san yana raye ba. Ra'ayina shi ne duk gwamnatin da za ta sake ɗaukar irin wannan mataki, wajibi ne ta fara faɗin ranar da zai ƙare da kuma hanyar da talaka zai nemi agaji a tsakani. In babu waɗannan biyun, an ɗaure mai gida ne an bar ɓarawo.

Sai maganar tsallaka iyaka. Daga Jibiya zuwa Maraɗi bai kai tafiyar Kano zuwa Zariya ba, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma wayarka tana ganin ka tafi wata duniya. Layinka na MTN ko Glo ko Airtel ya fara cin kuɗin yawon ƙasashen waje, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ga direba da wayoyi biyu ko uku a gaban mota, ɗaya da layukan Najeriya, ɗaya da na Airtel ɗin Nijar ko Moov ko Zamani. Tun 2017 ECOWAS ta amince da tsarin da zai sa mutum ya yi amfani da layinsa a ƙasar maƙwabta ba tare da tsadar nan ba, kuma Gana da Kwaddibuwa sun fara aiki da shi a 2023. Mu da muka fi kowa cuɗanya da maƙwabcinmu ba mu gani a ƙasa ba, ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Amma ficewar ba hujja ba ce. Hukumomin sadarwar ƙasashen biyu za su iya zama su daidaita tsakaninsu in sun ga dama. Ƙasashen da ke shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta Jibiyar kanta, bai kamata kiran minti biyu ya gagare su ba.

Kuɗi ma haka. A wannan gefe akwai OPay da Moniepoint da PalmPay, a wancan akwai Nita da Amana da Al Izza, amma naira ba ta zama sefa a cikin waya sai an bi ta hannun ɗan canji. Kawuna ya taɓa kwana biyu a wani ƙauye bayan ya sauke kaya, saboda mai kayan ya ce ya tura kuɗi, an cire a asusunsa, shi kuwa alat bai shigo ba, kuma sai ya hau tudu a bayan gari kafin ya samu sanda ɗaya ta sabis ya duba. Ba ya iya tafiya don babu kuɗin gas, ba ya iya zama cikin kwanciyar hankali don kowa a garin ya san akwai baƙo da babbar mota. Duk wanda ya tsara manhajar da ba ta iya nuna maka komai sai da data mai ƙarfi, bai taɓa kwana a irin wannan wuri ba.

Nan ne nake da magana da 'yan'uwana masu koyon haɗa manhaja, waɗanda ke cike cibiyoyin koyon kwamfuta a Kano da Katsina da Kaduna. Kowa yana son ya yi irin Uber na manyan motoci. An riga an gwada: Kobo360, da Obi Ozor da Ife Oyedele suka kafa, ya tara dala miliyan 30 a 2019 da jagorancin bankin Goldman Sachs. Amma irin waɗannan kamfanoni idonsu yana kan manyan masana'antu da tashar ruwan Apapa, inda ake cika tirela da kayan kamfani ɗaya. Direban da ke ɗauko buhu arba'in na mutum shida ya rarraba a ƙauyuka huɗu ba ya cikin lissafinsu, kuma ba ya buƙatar a haɗa shi da mai kaya. Ɗan kamasho ya fi kowace manhaja sanin wa ke biya, wa ke cin amana. Abin da yake buƙata ƙanana ne masu wuyar yi. Manhajar da za ta ajiye lissafin kaya da hoton takarda a cikin wayar, ta tura da kanta duk lokacin da sabis ya leƙo. Wadda ke magana da murya da Hausa, don da yawa cikinsu karatun allo suka yi ba na boko ba, kuma hannu yana kan sitiyari. Wadda ke da hanyar lambobin tauraro da tsani ga mai ƙaramar waya. Wadda ba ta cinye batir kafin azahar.

Kada wani ya ce ba zai yiwu ba, don an taɓa yi a nan arewa. Lokacin yaƙi da cutar shan inna, an riƙa ba masu rigakafi wayoyin Android da ke ɗaukar sawun duk inda suka taka ba tare da intanet ba, da yamma a kwashe bayanan a ga rugar da aka tsallake. Da haka aka gano ƙauyuka da dama da babu su a taswira. Sirrin shi ne GPS ba ya buƙatar data ko layi. Wayar tana sauraren taurarin ɗan'adam ne kawai da ke can sama da nisan kusan kilomita 20,000. Hoton taswirar ne ke cin data, shi kuma ana iya sauke shi tun a gida. Google Maps na ba da damar ajiye taswirar yanki guda, sai dai bai san bambancin tirela da ƙaramar mota ba, yana iya tura ka kan gadar da ba za ta ɗauki tan talatin ba. OsmAnd yana da tsarin babbar mota da ake saka tsayi da nauyi, amma ya dogara ne da OpenStreetMap, taswirar da jama'a ke zanawa da kansu. In hanyar ƙauyenku babu ita a ciki, babu wani Bature da zai zo ya saka. Ɗan garin ne zai zauna ya zana, kuma kyauta ne.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma shi ya sa na ce ƙananan abubuwan nan suna da wuya. A yankin da ake sace mutane, sanin inda mota take ba ƙaramin sirri ba ne. Na'urar bin sawu da mai mota ke saka wa don kada a karkatar masa da kaya, ita ce za ta zama jagorar maharan in bayanin ya faɗa hannun da bai dace ba. Zauren WhatsApp na direbobi mai mutum ɗari biyu da babu wanda ya san rabinsu, ba wurin faɗin lokacin tashi ba ne. Yaran mota kuma, waɗanda yawancinsu sa'o'inmu ne, sun koyi ɗaukar bidiyo suna lodi su ɗora a TikTok nan take, ga lambar mota, ga sunan kasuwa, ga irin kayan. Kawuna ya kafa wa yaronsa doka: ka ɗauki abin da ka ga dama, amma ba a ɗorawa sai mun kwana a gida. Duk manhajar da za a yi wa direban Jibiya, tambayar farko ita ce wa ke ganin bayanin, na tsawon wane lokaci, kuma direban da kansa zai iya kashewa?

Wasu za su ce a jira Starlink, tunda ya shigo Najeriya a 2023, Nijar ma ta ba shi izini daga baya. Ga kamfani mai motoci hamsin ko asibitin ƙauye, wannan magana ce. Ga direban da tun bayan tashin farashin gas yake lissafin kowace lita, wanda kuma ya ji a jikinsa lokacin da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kuɗin kwanon da na wata-wata sun fi ƙarfin aljihunsa. Turken sabis ɗaya mai aiki da hasken rana a kan hanyar kasuwa zai amfani mutum dubu, shi kuwa kwanon mutum ɗaya zai amfana.

Wayar da na kai wa kawu tana nan, yana kallon wa'azi da ita da dare, yana kiran jikoki ta bidiyo in ya iso Katsina. Da na tambaye shi wadda yake ɗauka in zai shiga daji, sai ya ciro wata ƙaramar Itel mai madannai daga aljihun gaba, an ɗaure bayanta da kyauro, ya ce wannan kwana biyar take yi, tana da fitila, tana da rediyo, kuma ko an tare hanya babu mai kallonta sau biyu.