Ƙasa Ba Kasa Ba Ce

Wata gurguwar shawara ta yaɗu tsakanin masu rubutun Hausa a intanet, wai duk mai son Google ya gano rubutunsa sai ya cire lanƙwasar haruffa daga take, tun da masu nema ba sa sanya ta. Da wannan hujja ake mayar da ƙasa kasa, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya zama baki. Sannan a cusa kalma guda sau goma cikin sakin layi, a kira wannan tsari. Alhali Google da kansa ya lissafa irin wannan cushe cikin maguɗin da yake hukuntawa.

Tsara rubutu kafin a fara shi wajibi ne, babu mai musu. Amma tsarin kirki daga tambaya yake tashi: me mai karatu ya zo nema, wace amsa za a ba shi, da wace hujja? Wanda ya zayyana waɗannan a ƙananan kanu huɗu ko biyar ya rage wa kansa rabin wahala, kuma kalmomin da ake nema za su shigo da kansu.

Akwai matsala ta gaske, ita ce bambancin ƙa'ida: Nijar na rubuta ƴaƴa, Najeriya na rubuta 'ya'ya. Ɗalibin Damagaram da ke son a karanta shi a Kano yana iya kawo siffofin biyu sau ɗaya a gabatarwa, ya bayyana dalili, sa'an nan ya riƙe ɗaya har ƙarshe.