Gudun daji a ƙasar Adar: takalmi da ruwa tukuna

Duk wanda ya fito bayan sallar asuba a birnin Tawa, ya bi hanyar Agadas ko ta Ƙonni, zai tarar da masu gudu a gefen kwalta. Akwai sojoji, akwai ɗalibai, akwai ƴan kokowa idan gasar takobi ta ƙarato. Akwai kuma waɗanda ba don sha'awa suka fito ba: ma'aikacin da ya shekara ashirin bisa kujerar biro, da ɗan kasuwar da ke wuni zaune cikin shago, waɗanda lokotoro ya auna jininsu ya ce su motsa jiki ko su shirya wa shan magani har ƙarshen rayuwa. Da yawansu kwalta kan gundure su, ga hayaƙin manyan motoci, ga ƴan kabu-kabu, sai su fara duban ƴan hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonaki zuwa Kalfu ko Barmu. A nan ne ake fara tambayar kayan da za a saya, da kuɗin da za su ci.

Wannan gudu na barin titi a bi daji da tudu da kwari, shi ne Turawa suka mayar wasa mai suna da kasuwa. A Faransa, tun shekarar 2003 ake tseren kewaya dutsen Mont-Blanc, wajen kilomita 170. A Maroko kuwa, tun 1986 ake tseren da ake kira Marathon des Sables, kusan kilomita 250 cikin hamada, kowa ɗauke da guzurinsa a baya. Hotunan waɗannan wurare su ne ke zuwa cikin salula, kowane mai gudu da agogo mai auna bugun zuciya, da jaka mai tiyon shan ruwa, da sanduna biyu. Mai kallo sai ya yanke ƙauna. Yana da hujja kuwa: sabon takalmin gudun daji a kantunan Turai kan kai Yuro 120, wato kusan jika 79 na sefa, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar, bayan ƙarin da aka yi a 2024, jika 42 ne.

Sai dai Ba'adare bai kamata ya yi saurin tsorata ba, domin tafiyar ƙafa ba baƙuwarsa ba ce. Kakanninsa da ƙafa suka riƙa zuwa fatauci da cin rani, kuma har gobe akwai matan da ke ɗauko itace daga kan dutse su kawo kasuwar Lahadi. A wasu ƙasashen ma an ga haka. Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren maraton na wasannin Olamfik a birnin Roma a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. A 2017 wata mata ƴar ƙabilar Raramuri ta ƙasar Meksiko, Lorena Ramirez, ta ci tseren daji na kilomita 50 sanye da zane da takalmin roba irin na ƙauyensu. Nijar ita ma ta taɓa samun Abdu Manzo, wanda ya yi maraton a Olamfik har sau uku, a 1988 da 1992 da 1996. Amma kada wannan ya ruɗi mai karatu. Waɗannan mutane tun suna yara tafin ƙafarsu ya saba. Wanda ya shekara ashirin cikin takalmi sau-ciki, idan ya ce zai kwaikwayi Bikila a kan tsakuwar Adar, ranar farko zai dawo a kan jaki.

Ƙasar ita ce ke faɗin abin da za a saya. Kewayen Tawa rairayi ne mai nutsewa, yana cika takalmi yana gajiyar da sharaɓa. Idan aka nufi gabas, wajen Keita, sai tudun marmara da tsakuwa mai kaifi, da jerin duwatsun tare ruwa da ramukan dashen itace waɗanda aikin Projet Keita ya bari tun daga 1984. Ko'ina kuma akwai ƙaya: ta aduwa, da farar ƙaya, da tsidau mai kwanciya a ƙasa, sannan ƙarangiya da zarar damina ta ja baya. Saboda haka idan mutum yana da jika goma ko goma sha biyar da ya ware, fiye da rabi takalmi ya kamata ya ci.

A wurin masu gwanjo, wato ƴan bosho, ake samun na kirki da sauƙin kuɗi, amma sai an iya zaɓe. A je da yamma, domin ƙafa kan ɗan kumbura da wuni, kuma haka take yi cikin gudu. A je da safar da za a riƙa sa wa, a gwada ƙafa biyu duka, a tabbata akwai sararin faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Wanda ya matse, farce zai baƙanta ya fita tun gangaren farko. Bayan haka a kifa takalmin a dubi ƙasansa: in haƙoran sun shafe, ko dunduniya ta cinye gefe guda, a ajiye shi komai kyawon samansa. A murɗa shi kamar ana matse wanki. Wanda ya murɗu ba gardama ba zai tare dutse ba. A latsa farin soson da ke tsakanin ƙasa da sama, in ya yi tamoji ya daskare to ya mutu, mai shi na farko ya riga ya shanye amfaninsa. Masana kan ce takalmin gudu na ƙarewa ne tsakanin kilomita 600 zuwa 800, shi kuwa na gwanjo babu mai sanin nawa ya riga ya ci kafin ya hau jirgin ruwa. Don haka gara wanda ba a san sunan kamfaninsa ba mai sauran ƙwari da mai babban suna wanda ya tsufa.

Akwai tarko biyu. Na farko shi ne sabon kambas mai sheƙi, an liƙa masa tambarin Nike ko Adidas, ana sayar da shi kuɗin buhun siminti ko ƙasa da haka. Na zuwa biki ne. Ƙasansa kumfa ce zalla, ƙayar aduwa kan ratsa ta kamar allura a tuwo. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa ba ta ma kai mutum gida. Na biyu shi ne takalmin ƙwallo mai haƙora, wanda samari ke ɗauka tun da shi ke gare su. A fili mai laushi aka yi shi domin ya kama. A kan marmara zamewa yake, kuma duk nauyin jiki kan tattaru a kan haƙoran. Takalmin taya na makiyaya ya fi su duka tare ƙaya daga ƙasa, amma ya bar yatsu a waje, kuma sai ƙafar da ta saba.

Abin farin ciki, Tawa garin dukawa ne. Takalmin da bakinsa ya ɗaye, baduku zai ɗinke shi da zare mai ƙarfi ya fi yadda kamfani ya liƙa. Tela kuma yana da aikin yi a nan. Masu tseren Maroko, inda Lahsan Ahansal ɗan garin Zagora ya yi nasara har sau goma, ba su shiga rairayi sai da wata riga da ake ɗinka wa takalmi, tana rufe shi daga baki har idon sawu. Da ƙafar tsohon wando na leda da ɗan roba, tela zai yi irinta. Tana hana rairayi shiga, tana kuma hana ƙarangiya kama safa da igiyar takalmi, kuma wanda ya taɓa zama gindin itace yana cire ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya ya san darajar wannan. Safa kuwa a guji ta auduga zalla, domin tana riƙe zufa ta haifar da bororo. Ta ƴan ƙwallo ta wadatar, a shafa ɗan man kaɗe ko basilin tsakanin yatsu.

Na biyu bayan takalmi shi ne ruwa, kuma a nan maganar ta wuce ta jin daɗi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa kan haura digiri 40 kusan kullum, kuma mai gudu cikin zafi yana iya zubar da lita guda ta zufa cikin awa ɗaya, wani ma fiye. Iskar Adar busasshiya ce, zufa na bushewa tun kafin a gan ta, sai mutum ya ɗauka bai yi asarar komai ba. Ba a bukatar jaka mai tiyo. Gorar roba ta rabin lita, a naɗe ta da tsumman buhu a jiƙa kamar yadda direbobi ke yi wa bidon, a ɗaura mata maɗauri a riƙe a hannu. In tafiyar za ta wuce awa guda, a ɗauki biyu, ɗaya a zuba mata haɗin nan da ake koya wa iyaye mata a asibiti: ga lita guda ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya tambayi lokotoro kafin ya sha wannan haɗi. Dabino uku ko huɗu cikin aljihu sun yi aikin da alewar Turawa mai tsada ke yi. In kai ya fara sarawa, ko jiri ya kama, ko tsigar jiki ta tashi alhali ana cikin rana, a tsaya a nemi inuwa, a jiƙa kai da wuya. Wanda ya ga abokin gudunsa ya fara magana ba kan gado, ya sani zafi ya taɓa ƙwaƙwalwa. A kwarara masa ruwa a jiki, a nemi abin hawa zuwa asibiti ba tare da jira ba.

Lokacin fita ba ya cin ko dala, amma ya fi kowane kaya tsare rai. Daga sallame asuba zuwa hantsi ne lokacin gudu. Da azumi kuwa sai bayan an sha ruwa. Wanda zai fara, ya fara da sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ko da yake ranar da hazo ya rufe gari gara a zauna gida, musamman mai asma.

Tufafi ba abin ɓata kuɗi ba ne. Rigar ƴan ƙwallo mai haske, wando mara nauyi wanda ya rufe gwiwa, hula mai baki ko ɗan rawani. Mata su nemi dogon wando da riga mai faɗi da ƙaramin hijabi mara kauri, su fita su biyu ko uku. Agogo mai tsada ba shi da aiki ga wanda ke farawa: idan yana iya magana da abokinsa yana gudu, saurin ya yi daidai, idan numfashi ya hana shi, ya koma tafiya. Hukumar lafiya ta duniya minti 150 na motsa jiki take shawarta a mako, kuma rabin awa sau biyar ya cika lissafin. A makonnin farko a haɗa gudu da tafiya, a hau tudu da tafiya, a sauka a hankali, domin a gangare ake targaɗe. Wanda ya haura shekara arba'in, ko mai ƙiba, ya fara biyawa a auna jininsa, ya kuma tambaya ko allurarsa ta rigakafin tetanos tana nan da ƙarfinta, tun da ƙaya da tsohon ƙarfe ba su ƙarewa a hanya.

Sauran abin da ya rage na aljihu ne: salula mai caji, katin ɗan ƙasa, ƴan canji na komowa a babur, da ƙaramar tocila ga mai fita da duhu. Tocilar ba don tuntuɓe kawai ba ce. Kububuwa na son wuri mai duwatsu, da dare take yawo, kuma launinta ɗaya da ƙasa. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A hana ƙafar motsi a kai mutum asibiti inda ake da allurar dafi. Takalmin da ya kwana a tsakar gida kuma a kakkaɓe shi kafin a zura ƙafa, saboda kunama.

Daji yana da masu shi. Da damina a bi burtali da hanyar ƙafa, kada a tattake shukar mutane, kuma kada a ratsa ƙorama bayan ruwan sama, domin ruwan da ya sauka kan tudu yakan iso kwari bagatatan. A yi sallama ga manomi da makiyayi. Idan karen garke ya taso, a daina gudu a tsaya, mai shi zai kira abinsa. Game da nisa kuwa, kowa ya san abin da ya faru a yankin Tiliya a watan Maris na 2021, inda ƴan bindiga suka kashe mutum fiye da ɗari a rana guda. Mai gudu ba shi da abin nema can arewa mai nisa. Hanyoyin da ke tsakanin birni da ƙauyukan kusa sun ishe shi shekara guda bai maimaita ba, kuma kafin ya fita ya gaya wa mutanen gida hanyar da zai bi da lokacin da za a sa ran dawowarsa. In hutu ya samu, a shiga mota zuwa Tabalak, wajen kilomita 50 a kan hanyar Agadas, a yi gudu a bakin tafki da sanyin safiya, a karya da soyayyen kifi kafin a juyo.